Kiran da Cecilia Ta Riƙe Shekara Tara

Kakana Dogo, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda cewa mace ta taɓa kayar da shi a magana ba. In na ce masa, "Angona, har da Mama Cecilia?" sai ya tsuke baki ya ce a miƙo masa rediyonsa. Ni ce jikar da ta fi kowa tsokanarsa, don haka da na ga ba zan sami labarin a bakinsa ba, na je na same shi a bakin ita mai labarin.

Mama Cecilia Badukkiya ce daga wani ƙauye kusa da Rijau. Ta yi makarantar mishan har aji bakwai, ta zo Kontagora shekara guda bayan samun 'yancin kai, tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin ƙarfe guda da Turancin da ya ishe ta amsa waya. A lokacin wani attajiri, Alhaji Maikano, ya gina ɗakuna shida a jere a bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Yawuri, ya zuba 'yan kasuwa haya. Ya yi ta safa da marwa har ya samo layin tarho guda ɗaya tak. Wani ne da a falonsa zai girke shi ya riƙa yi wa baƙi burga. Shi kuwa sai ya sayo allon haɗa waya, ya ja igiya zuwa kowane ɗaki, ya ɗora wa kowa kan tarho a tebur. Aka shiga neman wanda zai zauna gaban allon. Maza biyu aka fara gwadawa, aka sallami ɗaya saboda gyangyaɗi, ɗayan saboda tsegumi. Cecilia ta zauna shekara goma sha biyar.

Abin dariyar shi ne, kowane ɗan haya ya sa an rubuta masa lambar tarhon a allon ƙofarsa, manya-manya, kamar shi ya haife ta. Malam Jumare mai sayen ƙwarar kaɗanya ya rubuta. Mai kemis ya rubuta. Kakana, wanda aikinsa haɗa masu kaya da manyan motoci ne, har a jikin motarsa ya sa aka zana. Mutum zai bugo daga Ibadan, ya ji muryar mace ta amsa cikin ladabi, ya ji an ce "riƙe, ga shi nan," sai ya ɗauka Dogo babban ofis gare shi har da sakatariya. Su kansu 'yan hayar, da tafiya ta yi tafiya, sun manta layin ɗaya ne. Kowa ji yake tarhon da ke kan teburinsa da duniya yake haɗe kai tsaye.

Ni a Abuja nake aiki, a wani ɗaki mai sanyi inda manyan kwamfutoci ke jere. Shekarun baya na je gaishe ta a gidanta, ta tsufa, ido ya yi rauni amma kunne garau. Ta ce, "Ke Ruka, uwarki ta ce wai gadin kwamfuta kike yi. Sace ta ake yi, ko guduwa take?"

Na ce, "Mama, kwamfuta ɗaya ce babba, muka sa ta zama kamar guda ashirin. Kowace a cikin ashirin ɗin baƙuwa muke ce mata, kuma kowace gani take ita kaɗai ce a gidan. Akwai wata manhaja a ƙarƙashinsu, haifabaiza sunanta, ita ce ta san gaskiya. In saƙo ya shigo daga waje, ko ma'ajiyar bayanai ta gama ɗauko abin da aka aike ta, na'urar takan buga wa kwamfuta ƙararrawa ta katse mata abin da take yi. To, haifabaiza ce ke fara jin ƙararrawar gaske. Sai ta duba ta wace baƙuwa ce, ta buga mata wata a cikin ɗakinta, ita kuwa baƙuwar ta ɗauka daga waje aka bugo mata."

"In baƙuwar tana barci fa?"

"A tashe ta."

"In ta ce kada a dame ta?"

"Sai a sa alama a ajiye, a zuba ido. Tana buɗe ƙofa a buga mata."

"In an kira sau goma kafin ta buɗe?"

"Alamar dai ɗaya ce, Mama. Ba ta ƙirge."

Ta yi dariya har ta ƙware, sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce, "Kuma har jami'a aka kai ki don wannan? Da kin zo nan, da wuni ɗaya na koya miki, in ba ki tuwo ki ci." Daga nan ta gyara zama ta ba ni labarin yadda take aikinta, da yadda ta kwashe da kakana.

Ɗakinta ɗan ƙarami ne a bakin zaure, da taga mai kallon ƙofofin shida duka. Ita ta kafa dokokinta, Alhaji Maikano bai sa mata baki ba. Kowace ƙofa da asabari. In asabarinka a naɗe yake, kira na zuwa za ta buga maka. In ka sake shi, ko salla kake, ko ciniki, ko barcin rana kake sata, ba za ta buga ba. Sai ta rubuta lambar mai kira, ta ɗauki murfin kwalbar lemo da ta huda, ta rataya a ƙusar da ke ƙarƙashin sunanka a jikin wani katako. Idonta na kan tagar. Kana naɗe asabari za ka ji ƙararrawa, ta ce maka wane ya nema, ta nemo maka shi ta gidan waya. Kuma murfin ba ya sauka don an faɗa maka kawai. Sai ka yi magana da mai nemanka, ka ajiye, ka ce mata "na gama," sannan ta sauke.

Layi ɗaya ne, dole wani ya jira wani. Kiran da ya shafi magani ya fi na ƙwarar kaɗanya, ko da Jumare zai yi tsalle ya dire, kuma ya sha yi. Abu biyu ne kawai ba sa jiran asabari, gobara da rasuwa. Sirrin wannan ɗaki ba ya shiga wancan. Jumare ya sha kawo mata rake da tsire don ta ɗan guntsa masa abin da abokin gasarsa ke ƙullawa a ɗaki na huɗu. Takan cinye ta yi godiya, ta ce Allah ya ƙara arziki.

Kakana yana da ƙane, Nuru, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke tuƙa masa mota. Mahaifiyarsu Iyatu tana zaune a Sahon Rami. Da daminar shekarar da aka fara yaƙin basasa, aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani. Dogo ya ce wa Nuru ya ɗauki mota ya je ya kawo ta asibiti. Motar kuwa an riga an yi mata lodin gishiri zuwa Bangi. Nuru ya ce a ransa bari ya sauke kayan mutane tukuna, gobe da sassafe ya je ya ɗauko ta, ai tsohuwar ta saba da wannan ciwon. Ya isa Bangi ke nan sama ta ɓalle. Kwana uku ana tafka ruwa, rafuka suka cika suka batse, hanya ta yanke. Kafin ruwa ya janye Iyatu ta cika, mutanen ƙauye suka yi mata sutura. Cikin 'ya'yanta biyu babu wanda ya ga gawarta.

Dogo bai zagi ƙanensa ba, bai ɗaga masa hannu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Karɓe makullin motar ya yi, ya kau da kai. In Nuru ya gaishe shi sai ya amsa wa bango. Bayan sadakar bakwai Nuru ya ɗaure kayansa ya tafi Kaduna.

Litinin ta farko a watan da ya biyo, da hantsi, ƙararrawa ta buga. Cecilia ta ɗauka, Nuru ne daga gidan wayar Kaduna. Ta duba taga, asabarin Dogo a naɗe, ta buga masa ta ce ƙanensa ne. Ta ji ya kife kan tarhon, ta ga asabari ya faɗo. Jim kaɗan sai ga shi tsaye a kanta, dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin.

Ya ce, "Ke 'yar Rijau, saurara. Daga yau in wannan yaron ya bugo, ki ce ba na nan."

Ta ce, "Malam Dogo, ba zan ce ba ka nan ba alhali kana nan. Zan ce asabarinka a sake yake."

"Ki ce duk abin da kika ga dama. Wannan kuma mene ne?"

Murfin kwalba ne, ja, ta riga ta rataya shi a ƙusarsa.

"An neme ka ba ka amsa ba."

"Sauke shi."

"In ka amsa zan sauke."

Ya kai ƙara wurin Alhaji Maikano, yana huci. Alhaji ya saurare shi tsaf, ya miƙa masa goro, ya ce, "Dogo, ginin nawa ne, ɗakin naka ne, katakon kuwa nata ne." Haka murfin ya zauna. Kuma zauren ƙofa ɗaya gare shi, duk wanda zai shiga sai ya wuce ta gaban tagar Cecilia. Kowace safiya kakana zai wuce yana kallon sama kamar mai duban hadari. Sauran murafun da ake rataya masa na masu kaya da direbobi kan hau su sauka a wuni guda, jan nan kuwa yana can ƙuryar ƙusa.

Nuru ya bugo wata na biyu, ya bugo na uku. Kullum Litinin ta farko, kullum da hantsi. Zancen nasu bai canza ba. "Malama Cecilia, ina kwana? Asabari fa?" Ta ce, "A sake yake." Ya ce, "To, Allah ya kai mu wani watan." Daga nan sai kira ya ɗauke ɗif. Labari ya zo cewa ya shiga soja, direba, an tura su kudu.

A nan ne, in ji Mama Cecilia, ta gane irin mutumin da take fama da shi. Ta ce, "Kakanki Litinin ce ranar lodinsa, ranar da ya kamata a gan shi a tasha. Amma duk Litinin ta farkon wata ba ya zuwa ko nan da can. Tun safe zai shiga ɗaki ya saki asabari, ya zauna. Mutumin da ba ya son kira ai tafiyarsa zai yi. Shi kuwa zama yake ya ji an bugo, sannan ya ƙi ɗauka." Shekara biyu da 'yan watanni yana wannan zaman, ba a bugo ba. Bai taɓa tambayarta ko an ji wani abu ba. Ya rame dai, ya daina yi wa 'yan dako tsawa yadda ya saba, har suka fara jin tsoron shirun fiye da tsawar. Ita ma ba ta sauke murfin ba. Ta ce duk Lahadi sai ta sa Nuru a addu'a a coci, ta kuma ɗan sa Dogo, ko da yake a lokacin haushinsa take ji.

Bayan an gama yaƙi da wata biyu, Litinin ta farko, ƙararrawa ta buga da hantsi. "Malama Cecilia, ina kwana? Asabari fa?" Maimakon ta amsa masa a hankali yadda ta saba, ta ɗaga murya yadda duk tsakar gidan za a ji, ta ce, "Malam Nuru! Lafiya lau! A sake yake!" Asabarin bai motsa ba. Amma da la'asar aka ga Dogo ya sayo ƙwaryar goro yana rabawa, har kutare na bakin kasuwa sun samu. Jumare ya tambaye shi dalili, ya ce haka kawai ya ga dama, ko an hana mutum sadaka ne?

Duk mai hankali zai ce ai magana ta ƙare, wata mai zuwa zai ɗauka. Ba ku san kakana ba. Wata shekara shida ya ƙara a haka.

Jumare, da abin ya ishe shi, ya zo mata da dabara. Ya ce, "Malama, abin nan mai sauƙi ne. Ki ce wa Nuru ya bugo ranar Laraba. Ki buga wa Dogo ki ce Alhajin Ibadan ne mai goro. Yana ɗauka ya ji muryar ɗan'uwansa, shi ke nan. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ta ce, "Malam Jumare, in na yi masa ƙarya yau, gobe in na ce maka kamfanin ƙwara ne ke nemanka, za ka yarda?" Ya ce ai wannan daban. Ta ce ƙararrawar dai ɗaya ce. Ya fita yana cewa bai taɓa ganin taurin kai biyu a gida ɗaya irin wannan ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Amma na fahimce ta, don mu ma a wurin aiki abu biyu muke tsoro. Na farko a buga wa baƙuwa ƙararrawar da babu kowa a bayanta. Na biyu, wanda ya fi muni, a ɓatar da wadda aka bugo da gaske. Baƙuwar ba ta san an neme ta ba, sai ta yi ta zaman jiran abin da ya riga ya zo ya wuce, har ta sandare. Na sha kwashe mako ina neman inda ƙararrawa guda ta salwanta.

Sau ɗaya dai na kama Mama Cecilia da ha'inci, ta kuma ƙi amsa laifinta. Kiran nesa minti uku ake ba mutum, tambayar asabari kuwa ba ta cin ko rabin minti. Sauran lokacin Nuru ba ya ajiyewa, ita ma ba ta katsewa. Ba ta ba shi labarin gidan Dogo, don ba huruminta ba ne. Sai dai takan juya bakin abin maganar wajen taga. Kakana kuwa asabari ba ya hana shi faɗa, daga ciki yake ƙwala wa 'yan dako kira, wane ka jiƙa mini buhu, wane uban wa ya ce ka ɗora a nan. Nuru yana can Kaduna yana sauraro. Na ce, "Mama, wannan ai fitar da sirrin ɗaki ne." Ta ce, "Ni ban faɗa masa komai ba. Zafi ake yi, na buɗe taga."

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja abubuwa suka fara sauyawa. Aka ƙaro layuka a gari, 'yan kasuwa suka yi ta samun nasu na kansu. Mai kemis ya fara, Jumare ya bi, ɗaya bayan ɗaya aka zare igiyoyinsu daga allon Cecilia. Alhaji Maikano ya tsufa, ya ce tunda haka ne a cire allon, a mayar wa gidan waya tsohon layin, ɗakin a mai da shi wurin ajiye kaya. Ba korarta ya yi ba, ya ma yi mata alheri, aikin ne ya ƙare. Kwamfutocin yanzu ma haka suke, da yawa sun iya kai wa baƙuwa ƙararrawarta kai tsaye ba sai haifabaiza ta tsaya a tsakani ba, kuma ya fi sauri. Amma ko yau in za mu kwashe baƙuwa daga wannan kwamfuta zuwa wata, duk alamar da ke rataye sai mun tafi da ita, ba a barin ta a tsohon gida.

Dogo ne na ƙarshe. An riga an sa masa sabon tarho baƙi mai sheƙi, da sabuwar lamba. Aka ce ranar Alhamis da azahar masu aiki za su zo su kwance allon.

Litinin ɗin makon ita ce ta farkon wata. Nuru ya bugo, ya yi gaisuwarsa, ya yi tambayarsa. Ta amsa, sannan ta ce, "Malam Nuru, daga ranar Alhamis wannan lambar ta mutu. Yayanka ya sami tasa."

Ya ce, "To ba ni ita."

"Ba tawa ba ce."

"Malama, shekara tara fa."

"Na sani. Ka bugo ranar Alhamis da hantsi."

Ta ce da ta ajiye, ta cire abin kunnen ta kifa kai a kan allon ta yi kuka. Lambar tana rubuce a gabanta, lamba uku kacal. Amma ta san Dogo. In tarhon kan teburinsa ya buga ya ɗauka ya ji Nuru ba shiri, kifewa zai yi, kuma daga ranar ba zai ƙara zaman Litinin ba, don an yi masa kutse. Babu kuma mai riƙe wa Nuru wuri.

Ran Talata ta jira Dogo ya wuce ta tare shi, sai ya aiko cewa yana tasha. Ran Laraba ya shigo tun kafin ta iso, ya saki asabari. Ya ji a jikinsa. Ita kuwa tunda babu sauran kowa a allon sai shi, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta kai ƙofar ɗakinsa ta ajiye, ta zauna. Ba ta yi sallama ba, ba ta taɓa asabarin ba. Rana ta ɗaga, inuwa ta gudu ta bar ta, ta yafa gyale a ka. Masu kaya suka zo neman Dogo, suka ganta, suka koma. Jumare ya fito da tabarma ya shimfiɗa a ƙofarsa, wai shan iska yake. Daga ciki ana jin kakana yana gyaran murya, ya ja kujera, ya buɗe takarda ya rufe. Sau biyu ta ga yatsa ya ɗan buɗa asabarin. Ta ce a ranta, "Na san mutum ne, kuma Musulmi ne. Ko bai fito don ni ba zai fito don azahar."

Ladan ya yi kira. Asabari ya naɗe. Ga Dogo da buta a hannu, fuska a murtuke.

"Ke 'yar Rijau, lafiya kika tare mini ƙofa kamar an aiko ki daga kotu?"

Ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami. Ta ce, "Malam Dogo, gobe da azahar za a cire allon. Bayan gobe in ƙanenka ya bugo, babu mai ce masa asabari a sake yake. Babu mai ce masa komai. Ya nemi sabuwar lambarka na hana shi. In ka ce in ba shi, in ba shi. In ka ce a'a, na sauke nauyi, in koma Rijau in huta."

Ya dubi butar. Can ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "In ya bugo me yake cewa?"

"Gaisuwa, sai tambayar asabari."

"Ba wannan ba. Me yake so ya faɗa mini?"

"Ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Ba ni yake nema ba."

Ya sa takalminsa ya wuce masallaci, bai ce i ba bai ce a'a ba.

Ran Alhamis ta zo ta iske ƙofar Dogo da kwaɗo. Asabari a naɗe, ɗaki a kulle, babu shi babu dalilinsa. Masu kwance allon kuma suka yi sammakon da ba a san su da shi ba, su biyu da jakar kayan aiki, ɗaya har ya fara laluben ƙusoshin bayan allon. Ta ce masa azahar aka ce, in yana gaggawa ya je ya matso da rana. Suka koma ƙarƙashin dalbejiya suka zauna.

Hantsi ya yi, ya fara wucewa. Sai ƙararrawa.

"Malama Cecilia, ina kwana? Asabari fa?"

Ta dubi kwaɗon da ke ƙofar. Yau dai gaskiyar ita ce ba ya nan, kuma ita za ta faɗa. Ta buɗe baki ke nan sai hasken ƙofar ɗakinta ya tare. Ashe tun safe yana zaune a kan dakalin bayan bangonta, inda tagar ba ta kaiwa. Ya sunkuyo ya shigo, sanye da rigar Juma'a alhali Alhamis ce. Hannu kawai ya miƙo. Ta cire abin kunnen ta ba shi. Bai san yadda ake sa shi ba, ya yi ƙoƙarin ɗora shi bisa hula ya zame, sai ya kama shi da hannu biyu ya manna a kunne. Ta matso masa da bakin maganar.

Ni na taso na iske Kaka Nuru yana zuwa kowace Salla, su zauna a tabarma ɗaya suna musu a kan wa ya fi iya tuƙi, har ya dawo Kontagora gaba ɗaya, gidansa na kallon namu. Babu wanda ya taɓa jin sun tayar da zancen ranar. Ita ma Mama Cecilia ba ta ji abin da Nuru ya ce ba, don ba ta tsaya ba. Ta tashi daga gaban allon, abin da ba ta taɓa yi ana tsakiyar kira ba, ta nufi ƙofa. Tana gab da jan ƙofar ta ji kakana ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Nuru. Ranar nan da na aike ka, ni ma lafiyata ƙalau. Ga kekena a jingine, ba a fara ruwa ba. Ko ban kawo tsohuwa ba, da na je da na gan ta. Ban je ba, Nuru. Ni ma ban je ba."